Ranar da Aka Yanka Karager

Sunana Burul. Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da Turanci a garin Kockor kafin ni da mijina Esenbek mu fara kai baƙi yawon doki a kan duwatsu. Shi ke da dawaki da sanin hanya, ni ke da baki. Daga watan Yuni zuwa tsakiyar Satumba mukan ɗauki mutum biyu ko huɗu, mu yi kwana biyu muna hawa har tafkin Son-Kul, muna yada zango a bukkokin ulu na makiyaya. A bazararmu ta shida, Esenbek ya sauko daga doki don ya ƙara ɗaure majayin sirdin wata baƙuwa, ya dafe ƙirji, ya zauna a kan ciyawa, bai sake tashi ba.

Yayansa Toktosun dama bai taɓa son sana'ar ba. Makiyayi ne mai tumaki ɗari huɗu da goɗiyoyi ashirin, kuma kullum cewa yake mun mayar da dawakin gidansu jakunan haya. Bayan rasuwar ya riƙa faɗa a kasuwar dabbobi cewa Turancina ne ya kashe ƙanensa. Wannan na haɗiye. Abin da ya raba mu har abada shi ne Karager, akawalin doki, wato baƙi, da Esenbek yake hawa. Ranar jana'iza aka datse wa dokin jela kamar yadda aka saba, aka sake shi ba mai hawa, sai shekara ta zagayo a yanka shi a sadakar mamaci. Da shekarar ta cika na ƙi. Na bayar da goɗiya mai ƙiba a maimakonsa, dattawa suka yi gunaguni suka karɓa, amma Toktosun ya tashi daga shimfiɗa bai taɓa naman ba. Daga nan na ɗora wa Karager sirdi na ci gaba da aikin ni kaɗai. Abu ɗaya na riƙe: baƙo ba ya hawansa.

Shekara uku bayan rasuwar, a ƙarshen Yuli, wani kamfani na Bishkek, babban birninmu, ya aiko mini mata da miji daga Holand, Yoris da Annika. Mota ta wuce da kayansu tafki, mu uku muka kama hanya da dawaki uku. Annika ba ta da matsala, duk abin da na faɗa tana ji. Yoris kuwa ƙato ne, ya yi shekaru yana hawan doki a wani fili mai shinge a garinsu, don haka ya zo ne ya koya mini. Ya ce likkafata ta yi gajarta, linzaminmu na zalunci ne, dawakinmu ƙanana ne kamar na wasan yara. Yini guda ya yi a karkace kan sirdi, hannu ɗaya a sama yana ɗaukar hoto da waya. Na yi masa magana sau uku, ya ce ya ji.

Da safiyar kwana na biyu na cire bargon dokinsa na tarar da miki ɗanye a gefen baya, faɗin tafin hannuna. Dokin ba zai ƙara ɗaukar mutum irinsa ba. Na Annika ƙarami ne. Na tsaya ina kallon Karager yana cin ciyawa, na daɗe, sannan na ɗora Yoris a kansa. Ni na yanke rami a cikin bargon ulu don kada ya taɓa mikin, na hau mai ciwon ba sirdi.

Hanyar tafki tana bi ta wani matsi tsakanin dutse da kwazazzabo, kuma a bakin matsin Toktosun yake kafa bukkarsa kowace bazara. A da idan ya hango ni da baƙi sai ya shige ciki ya saki labule, mu wuce karnuka na haushi. Ran nan yana waje. Matarsa Kalbubu tana durƙushe tana tatsar goɗiya, shi yana riƙe da ɗan dukushin. Na ga lokacin da ya gane dokin. Ya saki dukushin, ya je turke ya hau nasa dokin ba gaggawa, ya zo ya gitta shi a bakin matsin, bulala a kan cinya.

Na gaishe shi kamar yadda matar ƙane take gaida yayan miji. Idonsa na kan Yoris, wanda ya cire hula yana ɗaga masa hannu yana murmushi.

"Amarya," in ji shi, don shekara ashirin da aurena haka yake kirana, "wane ne wannan a kan dokin mamaci?"

Na yi masa bayanin mikin, na juya dokina don ya gani da idonsa. Ya ce shi bai tambaye ni labarin miki ba. Ya ce dokin da ya kamata mutanen kwarin nan su ci namansa su yi wa ƙanensa addu'a, shi na ɗora wa buhun dankali mai gajeren wando. Ya ce abu biyu ne: ko mutumin ya sauka in bar Karager a turkensa yau ɗin nan, ko mu juya.

Yoris ya tambaye ni me ake ciki. Na ce masa hanya ce ta zabtare a gaba, mutumin yana yi mana gargaɗi. Toktosun ba ya jin Turanci amma ya san fuskata.

"Faɗa masa gaskiya mana, Malama. Ba ke ce mai baki biyu ba? Gaya masa mai sirdin nan yana ƙarƙashin ƙasa saboda ɗaure wa irinsu majayi."

Na ce hanyar ba tasa ba ce, tun kakanni kowa ke bi. Ya ce kowa ke bi, ban da wadda ta sayar da mijinta tana kuma hayar gawarsa. Raina ya ɓaci. Matar ƙane ba ta faɗin sunan yayan mijinta, ko a bayan idonsa, ni ma ban taɓa yi ba sai ran nan.

"Toktosun," na ce, "kauce mini."

Kalbubu ta tsayar da tatsa. Goɗiyar ta taka gaba ta kifar da bokitin, ba wanda ya duba. Toktosun ya yi fito. Karnukansa biyu suka taso daga bayan bukka suka zo suka tsaya gefen dokinsa suna gurnani. Dokin Annika ya fara ja da baya zuwa bakin kwazazzabo, na ga fuskarta ta yi fari fat. Ba yadda zan yi. Na kama ragamarta na juya mu.

Akwai wata hanyar, ta ƙasa, amma sai an haye kogin Kara-Suu. Duk wanda ya tashi a nan ya san da sassafe ake haye shi, kafin rana ta narkar da ƙanƙarar kan duwatsu. Mun isa bakinsa wajen ƙarfe uku na yamma, ruwan ya yi launin toka, ana jin duwatsu suna gungurawa a ƙarƙashinsa. Abin da ya dace shi ne mu koma zangon jiya mu jira gari ya waye. Na sani sarai. Amma da na waiga sai na hango Toktosun a kan tudu, zaune a kan doki yana kallonmu, ya biyo mu ta sama don ya ga na koma da baƙina. Na ce mu haye.

Na yi musu bayani dalla-dalla: su saki linzami, su riƙe geza, su cire ƙafa daga likkafa, su zuba ido a kan gaɓar can, kada su kalli ruwa, dokin ya fi su sanin inda zai taka. Na fara shiga ina jan na Annika, ruwa har cikin dawakin, muka fita lafiya. Na juyo na yi wa Yoris alama.

Karager ya haye kogin nan ya fi sau ɗari. Ya shiga a natse, yana laluben ƙasa da kofato. A tsakiya ruwan ya bugi ƙirjinsa ya ɗan gusa da shi ƙasa, abin da ya saba, da an bar shi zai karkata ya fita ta inda yashi yake. Yoris ya kalli ruwa, ya tsorata, ya fizgi linzami da hannu biyu da dukan ƙarfinsa. Kan dokin ya ɗaga sama, bai ga inda zai sa ƙafa ba. Na ji ƙarar duk da rugugin kogin, kamar an karya busasshen reshe. Suka faɗi tare.

Yoris ya taso da rarrafe, gwiwarsa ta fashe, ba abin da ya same shi bayan wannan. Karager ya yi ta fama har ya fito gaɓarmu da ƙafa uku. Ta gaba ta hagu tana lilo daga ƙasan gwiwa, ƙashin ya huda fata. Ya tsaya yana rawar jiki, ruwa na zuba daga cikinsa, ya sa hancinsa a kafaɗata.

Yoris ya fara magana tun kafin ya gama tari. Ya ce in kira likitan dabbobi, in kira jirgi mai saukar ungulu, a ƙasarsu ana ɗaure irin wannan. Na ce masa nan ba layin waya, likita yana Kockor, kuma ko yana tsaye a gabanmu abu ɗaya zai ce. Da ya gane abin da nake nufi sai ya ce ba zai yarda ba, shi ba zai tsaya a yi dabbanci a gabansa ba. Na cire sirdin, na zare linzamin daga bakin dokin, na ga gefen leɓensa ya tsage. Wuƙar da ke jakata ta yanka burodi ce, kuma ko babba ce mace ba ta yanka, ko da tana yi ma hannuna ba zai iya ba.

Toktosun ya sauko daga tudun. Ya haye kogin ta sama kaɗan, ƙafafunsa a ɗage kan wuyan doki, bai ko jiƙa takalmi ba. Ya sauka, ya zagaya Karager sau ɗaya, ya duba ƙafar, ya shafa gezarsa. Ya je ya zauna a kan dutse ya ciro taba.

Na jira. Dokin yana nishi, ƙudaje sun fara taruwa a kan jinin. Ya kunna tabar ya ja.

"Me kake jira?" na ce.

"Ai dokinki ne. Ke kika hana a yanka shi ranar da ya kamata, da liman da jama'a. To ga shi nan, yi masa Turanci ya warke. Ko kuwa ki sake kiran sunan nawa, in ji ko zai yi miki aiki."

Na durƙusa a kan tsakuwa, a gaban baƙina. Na ce, "Yaya, ba don ni ba. Dokin ƙanenka ne, yana shan wahala." Ya bar ni a durƙushe har ya ƙarasa tabar, sannan ya tashi ya kwance igiya daga sirdinsa.

Mutum biyu ba sa kayar da doki cikin sauƙi, amma Karager bai yi gardama ba. Muka ɗaure ƙafafun, ya kwanta, muka juya shi alƙibla. Ni na riƙe kan, na rufe masa ido da gyalena. Toktosun ya ɗaga hannu ya yi addu'a, ya ambaci sunan Esenbek da na mahaifinsu, ya zaro wuƙa daga takalmi. A nan ne ya lura da Yoris. Wayar tana cikin jakar leda a wuyansa, ruwa bai taɓa ta ba, ya matso kusa yana ɗauka, yana magana a hankali cikin harshensu.

Toktosun ya ce in gaya masa ya sauke abin nan. Na gaya masa. Yoris ya ce yana da haƙƙi, hujja yake tarawa, duniya za ta ga yadda muke yi da dabbobi. Ban ma fassara ba. Toktosun ya miƙe, bulala a hannun hagu, ya zabga masa a bayan hannu. Wayar ta tashi ta bugi dutse ta faɗa kogi. Yoris ya yi ihu ya yo kansa, ya fi shi tsawo da kai guda, amma ya tsaya cak da ya ga wuƙar a ɗaya hannun. Sun yi tsaye suna kallon juna, kowa yana zagi da harshen da ɗayan ba ya ji.

Annika ce ta shiga tsakani. Ban san abin da ta faɗa wa mijinta ba, gajere ne, amma ya koma can gefe ya zauna yana riƙe da hannunsa. Ita kuma ta zo ta kama igiyar ƙafafun baya ba wanda ya sa ta, tana kuka tana ja. Toktosun ya yi bisimilla ya yanka. Jinin ya bi ta tsakanin tsakuwa ya shiga ruwa. Na riƙe kan har ya daina motsi.

Da Toktosun ya fara fiɗa sai ya juyo gare ni. Ya ce naman nasa ne, zai yi wa ƙanensa sadakar da aka hana shi, kuma kada in kuskura in taka wurin. Na ce ya kwashe. Sai ya nuna sirdin da bakin wuƙa ya ce shi ma na mahaifinsu ne, in ajiye. Na je na zauna a kan sirdin, na ce ya zo ya ɗaga ni. Ya dube ni, ya tofar da yawu, ya koma kan aikinsa.

Can sai ga Kalbubu ta hayo da dawaki biyu da buhuna. Ta sauka ta ajiye fulas ɗin shayi da kofi a gaban Annika ba tare da ta kalli kowa ba. Mijinta ya ce shayin gidansa ba na waɗannan ba ne. Ta ce fulas ɗin ƙanwarta ce ta kawo mata daga Narin, madarar kuma ita ta tatsa, in yana da nasa ya hana. Ta ɗaure wa Yoris gwiwa da tsumma kamar tana ɗaure bakin buhu, ta kama taya mijinta loda nama.

Muka ƙarasa tafki rana tana gab da faɗuwa. Annika a kan dokinta, Yoris a ƙasa yana ɗingishi don ya rantse ba zai ƙara hawa ba, ni ina jan mai mikin, sirdin Esenbek a kafaɗata. Washegari mota ta zo ta kwashe su. Annika ta rungume ni. Bayan mako guda Yoris ya rubuta a intanet cewa jagorarsu ta jefa su cikin kogi, wani mahaukaci ya kai masa hari da wuƙa, an kuma yanka doki mai rai a gabansu don a ci. Kamfanin Bishkek suka kira ni, suka saurare ni cikin ladabi, ba su sake aiko mini kowa ba a bazarar.

Toktosun ya yi sadakarsa ranar Alhamis ta gaba. Ya gayyaci duk bukkokin kwarin har da na bayan dutse. Na sa baƙar rigata na hau na je. Da na ɗaga labule hira ta tsaya. Na wuce na zauna inda matar mamaci take zama, ba wanda ya iya tashe ni. Da aka zo rabon nama, Toktosun da kansa ya ɗauko guntun huhu, irin wanda ake jefa wa karnuka, ya ajiye a gabana a kan faranti. Mutane suka sunkuyar da kai. Na yanka shi ƙanana na cinye tas, na shafa addu'a tare da kowa.

Kafin a watse, Abdijapar, tsohon da ya fi kowa shekaru a wurin, ya ce mu duka biyu mun yi abin kunya. Ya ce dokin ya tafi inda ya kamata ya tafi, maganarsa ta ƙare, hanyar matsi kuwa ba ta gidan kowa ba ce, kuma duk wanda ya ƙara sakar wa matafiyi kare zai gamu da dattawa. Toktosun ya ce ya ji. Ni ma na ce na ji.

Karnukan kam ya ɗaure su. Amma da bazara ta dawo, na samu baƙi ta hannun wata mata a Kockor, muka iso matsin na tarar an ja waya mai ƙaya layi uku daga dutse zuwa bakin kwazazzabo. Kalbubu ta ce mini wai don kada 'yan raguna su faɗa ne. Ran nan sai da muka tuge turakun wayar da hannu. Tun daga lokacin ina tafiya da filaya a jakar sirdi. In na zo in datse, in naɗe wayar in ajiye masa a gefen hanya, mu wuce. Kafin in dawo ya sake ja. Bana sau bakwai muka yi haka, kuma har yau ko gaisuwa ba ta haɗa mu.